Tattabarun Baba da Falwaya ta Uku

Daga ƙofar gidanmu a Agege zuwa masallacin unguwa falwayar lantarki biyar ce. Ban taɓa sanin haka ba sai a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, lokacin da na koma laɓewa a bakin ƙofa ina ƙirga su saboda Baba. A da, in ya fita sallar la'asar ko saurayi ba ya cim masa, yana tafe iska tana cika masa babbar riga. A daminar wannan shekarar sai na lura ya fara tsayawa a falwaya ta uku. Zai dafa ta da hannu ɗaya, ya waiga kamar mai neman abokin gaisawa. In Allah ya kawo mai wucewa, ya riƙe shi da gaisuwa har sai ya tambayi lafiyar kajinsa. In babu kowa, ya duƙa ya gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Numfashi yake jira ya dawo masa, kuma ba ya so unguwa ta sani.

Ni ce 'yar fari. A Legas aka haife ni, aka sa mini sunan mahaifiyar Baba, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai "Uwata". Inna kuwa, don kunyar ɗan fari, "ke" kawai take ce mini, in ta ji daɗina ta ce "ke yarinyar nan". Shekarata ashirin a lokacin, na gama sakandare ina zaune a gida, ga baki, ga Yarabanci da Turancin da nake ji da su. Duk inda ake bukatar mai magana ni ake turawa: wurin Iya mai gidan haya in ta tayar da rigimar ruwa, wurin masu duba mitar lantarki, daga baya kuma asibiti. Fataucin goro ne ya kawo Baba Legas tun yana saurayi, amma kullum cewa yake Yarabancinsa na ciniki ne, bai wuce "nawa ne" da "rage mini" ba.

Bayan goro, abin da Baba ya sa a ransa tattabaru ne. Ranar da ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina, mace da namiji ya riƙo a ɗan kwando a bayan motar kaya, kuma duk waɗanda na taso na gani zuriyarsu ce. Gidanmu irin na haya ne, ɗakuna suna kallon juna, dogon lungu a tsakiya, sai ɗan fili a baya inda ake girki da shanya. A ƙarshen filin, jikin katanga, ya kafa musu ɗakin katako mai hawa uku. Sun kai talatin, kuma ya san kowace da halinta: ga mai koren wuya, ga gurguwa, ga mafaɗaciya, ga wata sakarya da ba ta taɓa iya kwanci ba. Yana da kiran da yake yi musu, ya kaɗa gero a ƙwarya yana wani ɗan sauti da harshe, duk inda suke a kan kwanukan unguwa sai ka ga sun zubo. Na gwada ya fi a ƙirga, ko kallona ba sa yi.

Ba sha'awa ce kaɗai ba. A wurin mutanenmu gidan da ke da tattabaru a tsare yake, domin in mugun abu ya nufo gida, a kan tsuntsu yake sauka ya bar mutum. Duk ranar da aka wayi gari ɗaya ta mutu, Inna za ta ce, "Alhamdu lillahi, ta ɗauke mana." Ni 'yar boko nakan taɓe baki in ce ƙila dai tsatsar kwano ta ci. Amma a can ƙasan raina ban taɓa ƙaryata maganar ba.

Bayan tsayuwar falwaya sai tari ya biyo, busasshe, mara fitar da komai. Da safe ka gan shi garau, ana yin azahar sai zazzaɓi ya sauko, da jin sanyi da ciwon gaɓoɓi. Ya rame har hularsa ta fara zamo masa zuwa kunne. Kowa ya ce tibi ne. Maƙwabta suka fara janye 'ya'yansu daga ƙofarmu, Iya ta koma gaishe shi daga nesa da gefen zani a hanci. Sau uku aka gwada kakinsa a babban asibitin gwamnati, sau uku aka ce babu. Wallahi da an ce akwai da hankalina ya fi kwanciya, don tibi ko ba komai an san sunansa, an san maganinsa.

Inna ta koma ga abin da ta sani. A garinsu, wanda ciwo ya cinye da mai jego, romon 'yan shila ake ba su, wato 'ya'yan tattabara da ba su fara tashi ba. Ta dafa da citta da masoro da kanumfari, Baba ya sha yana gumi, mu kuma muna kallon bakinsa kamar a nan take za mu ga ƙiba. Don kada 'yan shila su yanke, muka daina ba kowa ko ɗaya, muka ƙara wa iyayen tukwanen kwanci. Kafin a jima sun haura hamsin.

Sai ni kuma na kawo tawa dabarar, wadda na daɗe ina yabon kaina a kanta. Na ga zuwa ƙarshen fili ya fara yi wa Baba wuya, ga shi in bai ga tattabarunsa ba ranar ko fura ba ta shiga. Na roƙi maƙwabta biyu suka ciccibo ɗakin katakon suka jingina shi da bangon ɗakinsa, daidai ƙarƙashin taga. Daga nan yana kwance yana jin kukansu, in ya so ya miƙa hannu waje su ci a tafinsa. Kullum da safe in shimfiɗa masa tabarma a gefensu, in ɗauki tsintsiya in share busasshen kashinsu, ƙura tana tashi fari-fari a hasken rana, shi kuwa yana zaune yana sa mini albarka.

Shekarun nan zaman ɗar-ɗar ake yi a unguwannin Hausawa. Yau a ce an yi faɗa a wata kasuwa, gobe a ce an ga wasu samari suna taruwa a bakin titin jirgi. Kowace mace tana da ƙullin kaya a bayan ƙofa. Wata ranar Laraba da la'asar, Baba ya fita masallaci ina bakin ƙofa ina ƙirgata, sai wani ya kurma ihu daga bakin titi: "Sun zo! Ga su nan!" Ban taɓa ganin unguwa ta kife irin na ranar ba. Masu shago suna jan ƙyaure, ɗan acaɓa ya bi ta kan tiren mai ƙosai, mata suna kiran 'ya'yansu da Hausa da Yarabanci. Wasu suka fito da gora da adda ba su ma san wa za su sara ba, har suka rotsa wa wani bawan Allah kai don kawai sun gan shi yana gudu. Daga baya aka gane tayar danfo ce, bas ɗin haya, ta fashe, wani ya firgita ya yi ihu. Babu wanda ya zo.

Ni dai Baba nake hange. Kowa yana gudu, shi yana rungume da falwaya ta biyu, ko ta ukun bai kai ba. Da na iso wurinsa leɓensa ya yi baƙi, bakinsa a buɗe, yana so ya ce mini in koma gida amma babu iskar da zai faɗa da ita. Na tallafe shi ina kiran maƙwabta. A ranar aka ba shi gado a asibiti.

Kwana goma sha biyu ya yi, kuma abin mamaki, tun a kwana na huɗu zazzaɓin ya ɗauke. Ya fara cin tuwo, ya fara tsokanar nas-nas, har yana zagaya baranda da ƙafarsa. Muka dawo gida da murna, ya wuce kai tsaye wurin tattabarunsa suka yanyame shi. Washegari da azahar zazzaɓi ya dawo kamar dama a bayan ƙofa yake jiransa.

Nan fa kowa ya zama masani. Inna ta ce a gidan nan aka binne wani abu, ta fara yi wa matar ɗaki na huɗu wani irin kallo. Baffa, ƙanen Baba da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya ce iskar Legas ce ta ishi Baba, ai kwanakin baya da ya je gida ya yi wata guda ko tari bai yi ba. Abu ɗaya duk suka yarda da shi: Allah ya taimaka akwai tattabaru a gidan, da ba don suna ragewa ba da tuni an yi abin da ba a fata.

Da muka koma asibiti sai aka tura mu wurin likitar ƙirji, wata Bayarabiya mai furfura, ba ta da yawan fara'a. Ta saurari bayansa ta daɗe, ta duba hoton ƙirjinsa, sannan ta koma tambayoyin da na ga ba su da alaƙa da ciwo. Da me muke girki? A ina yake ajiye goro? Da ya je arewa ya samu sauƙi? A asibiti fa? Ƙarfe nawa zazzaɓin yake zuwa? Tana yi da Yarabanci tana haɗawa da Turanci, ina juya wa Baba. Can ta ce, "Kuna da dabbobi a gida?"

Ai kuwa ta taɓo inda nake so. Na gyara zama na ba ta labarin tattabaru hamsin, da romon 'yan shila, da yadda ni da kaina na matso masa da su ƙarƙashin taga, da sharar da nake yi kowace safiya yana zaune a gefe. Ina jira ta ce yarinyar kirki. Sai na ga ta ajiye biro.

Ta jawo takarda ta zana wani abu kamar bishiya a kife. Ta ce waɗannan su ne hanyoyin da iska ke bi ta shiga huhu, kuma duk cikinsu a shimfiɗe yake da wata siririyar fata. Ƙwayoyin halittar da suka yi fatar nan masu gadi ne. In baƙon abu ya shigo da iska, su ne suke fara aika saƙo, sai garkuwar jiki ta taso ta cika wurin. A jikin gashin tattabara akwai wani farin gari, haka ma a busasshen kashinta. Ba guba ba ne, ni ma ina shaƙa, nawa masu gadin ba su kula ba. Amma na Baba, bayan shekara da shekaru, sun ɗauke shi abokin gaba. Da ya shaƙa da safe sai su aika saƙo, kafin azahar wurin ya cika ya kumbura, zazzaɓi ya tashi, iska ta rasa hanya.

"Babu ƙwayar cuta a ƙirjinsa," in ji ta. "Jikinsa ne yake dukan kansa."

Ranar Larabar nan ce ta faɗo mini a rai, da mutumin da aka rotsa wa kai alhali babu wanda ya zo. Na tambaye ta ko akwai magani. Ta ce akwai ƙwayar da za ta ba shi, amma in fahimta, ba ta kashe komai don babu abin kashewa, rage ƙarfin saƙon kawai take yi. Kuma ba ta zaɓe, har masu gadin da ake bukata sai ta sa su yi shiru, shi ya sa ba a daɗewa a kanta. Ta ce masana suna neman maganin da zai tare wannan saƙon shi kaɗai ya bar sauran, amma bai zo hannunsu ba tukuna. "Abin da ke hannunku ya fi nawa," ta ce. "Tattabarun nan su bar gidan, dukansu, a wanke ko'ina. In aka ci gaba, kumburin zai zama tabo, tabon huhu kuwa ba ya gogewa. Faɗa masa."

Na juya na dubi Baba. Yana zaune da hularsa a gwiwa yana jirana. Na buɗe baki, sai na ji na kasa. Ta yaya zan ce masa abin da ya riƙo daga garinsu, abin da yake ganin shi ke tsare mu a wannan zaman tsoro, shi ke cin sa? Kuma ta yaya zan ce masa hannuna ne ya kai masa su har bakin taga? Na biyun nan ya fi yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Sai na ce, "Baba, ta ce ba tibi ba ne. Kumburi ne, za ta ba ka ƙwaya."

"Alhamdu lillahi. Na ji kamar kuna zancen tattabaru."

"Romon nake ba ta labari. Ta ce yana da kyau."

Ya dube ni ɗan jim, sannan ya sa hularsa ya yi wa likita godiya.

Na ce wa kaina ba ƙarya na yi ba, jinkiri ne, zan bi abin da dabara. Na fara yayyafa ruwa kafin shara. Na ce masa sanyin safiya ba shi da kyau, ya riƙa zama a ɗaki sai na gama. Na rufe tagar da sunan sauro, ya buɗe, na rufe, ya buɗe. Ƙwayar kuwa ta yi aiki kamar sihiri. Cikin mako biyu zazzaɓi ya tafi, kumatunsa suka ciko, ya wuce falwaya biyar ba tsayawa. Inna ta ce romo ne ya fara kama jiki. Ni kaina na fara cewa ƙila likitar nan ta cika tsanani, ƙila a rabu a haka.

Amma ban samu sukuni ba ko na yini ɗaya. In ya yi gyaran murya sai in leƙa in duba shi. In na ga gurguwa ta sauka a kafaɗarsa tana karkaɗe fiffike kusa da hancinsa, sai in ji kamar ni ce ba na numfashi. Na zama mafaɗaciya, na yi faɗa da Iya, na yi da mai ruwa, na yi da Inna a kan gishiri. Inna ta ce, "Ke, wai me ke cin ki ne?" Na ce babu komai.

Likita ta tsara a riƙa rage ƙwayar kaɗan-kaɗan. Ana kaiwa rabi tari ya dawo. A mako na shida na tsaya a bakin ƙofa na ga ya dafa falwaya ta uku, ya duƙa yana gyara takalmi.

Ranar komawa asibiti aka sake ɗaukar hoto. Likita ta jera sabo da tsoho a jikin fitila, ta nuna mini wasu fararen zare-zare a ƙasan huhun da babu su a na farko. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Suna nan, ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kin faɗa masa?" Na girgiza kai. Ta ce, "Wannan da kike gani ya zauna ke nan. Sauran huhun nake so mu tsira da shi. In ba za ki iya ba, in nemo wanda zai iya." Na ce zan iya.

Muka hau danfo muka dawo. Da muka sauka muka biyo layinmu a hankali, sai ya tsaya a falwayar nan ya dafa ta. A nan, da rana tsaka, mutane suna wucewa, na faɗa masa duka: masu gadi, da farin gari, da tabo, da cewa tun mako shida aka ce in faɗa na ɓoye. Ina yi ina kuka, ina jira ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba.

Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya ce, "Uwata, shekara talatin da wani abu ina ciniki da Yarabawa. Kina tsammani da 'nawa ne' kaɗai na aurar da ƙannena?"

Na ɗago na dube shi.

"Duk abin da matar nan ta faɗa ranar na ji. Da kika juya kika ce romo yana da kyau, daɗi na ji. Na ce tunda Uwata ba ta faɗa ba, ni ma ban ji ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Kada ki ɗauka ke kaɗai. Mu biyu muka yi."

Inna ce ta fi ba mu wuya. Ta ce a wannan marra da kowa yake neman tsari, mu ne za mu cire namu da hannunmu? In wani abu ya nufo gidan a kan wa zai sauka? Baba ya ce, "Ai ya riga ya sauka, ga shi a ƙirjina." Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe.

Yanka dai Baba ya ce ba za a yi ba. Aka yi shawara Baffa ya kwashe su zuwa Mile 12, yana da fili a bayan rumfarsa. Ya zo da kwandunan albasa bayan magariba, lokacin da suka shiga kwana, ya kwashe su tas. Washegari muka ƙone ɗakin katakon a bola, na wanke bango da taga da ruwan omo, Inna ta wanke labule da tabarmi, muka mayar da Baba ɗakin gaba. Kwana biyar gidan ya yi tsit, tarin ma ya fara sauƙi.

A rana ta shida da hantsi ina wanke-wanke na ji ƙarar farata a kan kwanon rufi. Na ɗaga kai, mai koren wuya ce. Kafin azahar sun fi ashirin, kafin la'asar har gurguwa ta iso. Baffa ya buɗe musu ne yana ganin sun saba. Duk cikinmu babu wanda ya tuna cewa tattabara ba ta ɓata hanyar gidansu, sai Baba, kuma shi bai tuna mana ba. Suka jeru a kan katanga da bakin tagar tsohon ɗakinsa suna neman ɗakinsu da babu. Na kore su da tsintsiya, na jefe su da takalmi, su tashi su zaga su dawo. Kwana uku muna haka, kashi ya fara taruwa, gashi yana yawo har cikin lungu. A rana ta uku zazzaɓi ya taɓa Baba.

Da safe ya aika aka kira Baffa, ya ce ya zo da wuƙa. Baffa ya zo, amma kamu ya gagara. Babu ɗakin da za a ritsa su, kuma tun da aka kwashe su a kwando ba sa yarda da kowa. Baffa ya watsa gero, suka kalle shi daga kan kwano. Na kaɗa ƙwarya na yi sautin nan iya yina, ko motsi ba su yi ba. Muna cikin haka sai ga Baba a bakin lungu.

Na ce, "Baba, likita ta ce ko kusa da su..."

"Na ji da kunnena, ba sai kin fassara ba. Jiƙo mini ƙyalle."

Na jiƙa ɗankwalina na ba shi, ya ɗaure hanci da baki. Ya karɓi ƙwaryar daga hannuna ya shiga tsohon ɗakinsa, wanda babu kowa a ciki yanzu, ya bar ƙofa a buɗe. Ya kaɗa gero, ya yi kiran. Ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle sautin ya fito a daƙushe, amma sun gane. Suka zubo gaba ɗaya, suka bi shi ciki suna hawa kafaɗarsa da hannuwansa, gurguwa a ƙarshe tana ɗingishi. Ya jira har ta shige. Sannan ya zube geron a ƙasa, ya fito, ya ja ƙofar da kansa, ya ce da Baffa, "Ka yi bisimilla a kan kowace. Ka fara da gurguwar, kada ta daɗe tana kallo."

Ya wuce ɗakin gaba ya cire rigar ya miƙo mini in wanke. Ban ga fuskarsa ba, bango ya juya wa. Naman kuwa ko ɗanɗane ba a yi a gidanmu ba, unguwa aka rarraba wa, har Iya da matar ɗaki na huɗu.

Zazzaɓin bai sake dawowa ba. A hankali likita ta janye ƙwayar har aka daina, tari ya tafi, hula ta koma daidai kansa. Baba ya ƙara shekaru masu yawa, ya aurar da ni, ya ga 'ya'yana. Yanzu nakan ji ana cewa an fara samun irin magungunan da likitar nan ta yi fata, masu tare saƙo ɗaya su bar sauran, ko da yake ban san ko za su yi wa irin ciwonsa ba. In na ji, ina yi wa masu ciwon murna, amma sai in tashi in nemi wani aiki in kama.

Abu ɗaya ne bai koma ba. Har ƙarshen ransa, in ya fita la'asar zai wuce falwaya ta farko da ta biyu lafiya, a ta uku sai ya tsaya ya dafa. Na taɓa tambayar likita ko da na faɗa tun ranar farko da ba zai riƙa tsayawa ba. Ta ce ba ta da yadda za ta sani, kuma na ga alama gaskiyarta ta faɗa. Shi dai ya daina gyaran takalmi, ya daina neman abokin gaisawa. Yakan tsaya kawai ya huta, in ya waigo ya gan ni a bakin ƙofa ya ɗaga mini hannu alamar in shiga gida. Ban taɓa shiga ba sai na ga ya saki falwayar.